ThinkPad T480 da Kafar Cajin da ke Mutuwa a Hankali

A watan Janairun 2020 labari ya bazu a kafafen labaran fasaha cewa kamfanin Lenovo yana gargaɗin masu kwamfutocinsa na ThinkPad. Kafar USB-C ta wasu samfura da aka ƙera tsakanin 2017 da 2019 tana iya daina aiki, kuma a cewar kamfanin alamun kan fara bayyana bayan wata 6 zuwa 12 ana amfani da na'urar yadda aka saba. Jerin samfuran ya yi tsawo: T470, T480, T480s, T490, X280, X390, X1 Carbon zubi na 5 zuwa na 7, da wasu daga dangin P irin su P51 da P52. Waɗannan su ne laftof ɗin da bankuna da kamfanoni da ma'aikatu ke saya ɗari-ɗari su raba wa ma'aikatansu.

A wancan lokacin maganar ta ofisoshin Turai da Amurka ce. Yanzu kuwa ta iso ƙofarmu, domin kwamfutocin nan su ne suka gama wa'adinsu a can, 'yan kasuwa suka tattaro su, suka cika shagunan Beirut Road a Kano da Banex a Abuja da Computer Village a Ikeja. Zan tsaya a kan T480 kaɗai, saboda tana cikin waɗanda masu neman ta hannu suka fi so, kuma a kanta ne matsalar ta fi ciwo.

Na'urar da ake magana a kai

T480 ta fito a 2018, mai allo inci 14. Mafi yawansu suna ɗauke da furosesa na Intel zubi na 8, irin su i5-8250U da i5-8350U da i7-8650U. Ramin RAM ɗinta biyu ne kuma ba a liƙe ko ɗaya a jikin bod ba, wato babban faifan cikin kwamfutar da sassanta ke zaune a kai, don haka kana iya ƙarawa duk ranar da aljihu ya yarda. Batirinta ma biyu ne: na ciki mai 24Wh, da na waje da ake cirewa, wanda ke zuwa a 24Wh ko 48Wh ko 72Wh. Kana iya zare na wajen ka saka wani ba tare da ka kashe kwamfutar ba. T490 da ta biyo bayanta ta zubar da wannan tsari. A garin da wuta ke zuwa ta leƙa ta tafi, ba sai an yi wa kowa bayanin abin da ya sa ake rububin T480 ba.

Sai dai akwai wani canji da aka yi mata wanda shi ne ya mayar da ƙaramar matsala babba. Yayarta T470 tana da tsohon bakin cajin ThinkPad, mai kusurwa huɗu mai ruwan ɗorawa a ciki, ban da USB-C. A T480 an cire shi. Wuta ba ta da hanyar shiga sai ta kafofin USB-C guda biyu da ke gefen hagu. Ta farko USB-C ce ta yau da kullum. Ta biyu, mai alamar walƙiya, ita ce Thunderbolt 3, kuma tana haɗe da wurin da ake jona na'urar tebur ta ofis (dock), wadda ke haɗa laftof da allo da sauran kayan tebur. Ke nan duk abin da ya taɓa lafiyar USB-C a wannan kwamfuta ya taɓa cajinta.

Inda cutar take

Abubuwa uku ne ke aiki tare kafin kafar Thunderbolt ta amsa. Akwai ƙarfen kansa, wato ayisi (IC, ɗan ƙaramin guntun lantarki) na Intel mai lamba JHL6240, wanda aka liƙa a bod. Akwai direba, manhajar da ke zaune cikin Windows tana isar da saƙo tsakanin Windows ɗin da ayisin. Sannan akwai na uku da yawancin mutane ba su san da zamansa ba: famweya, manhajar da ayisin kansa yake karantawa duk lokacin da ya farka, wadda ba a hadis take ba kuma ba a cikin Windows take ba. A T480 tana kwance ne a wani ɗan mitsitsin ayisin ajiya mai ƙafa takwas, mai ɗaukar megabait 1 kacal, daban da wanda ke riƙe da BIOS, manhajar da ke tayar da kwamfutar kafin Windows.

Irin wannan ma'ajiya ana karanta ta iya son rai, amma rubutu a kanta yana da iyaka. Masu ƙera su kan ba da tabbacin gogewa da sake rubutu kamar sau 100,000 a kowane yanki. Idan ana taɓa ta ne kawai ranar da za a sabunta famweya, wannan adadi ya fi ƙarfin rayuwar kwamfutar nesa ba kusa ba. Tsohuwar famweyar Thunderbolt ɗin kuwa tana da kuskuren da ke sa ta yi ta rubutu a ma'ajiyar ba gaira ba dalili, kamar ɗalibin da ke rubutu da fensir a wuri ɗaya yana gogewa da kilina har takardar ta huje. Daga ranar da abin da ke ciki ya gurɓace, ayisin Intel ɗin zai farka ya nemi umarninsa ya rasa. Lafiyarsa ƙalau, amma bai san me zai yi ba.

Me ya haɗa wannan da caji? Cajar USB-C ba ta sakin cikakken ƙarfinta da zarar an jona ta. Da bolt 5 take farawa, sai kwamfuta ta yi magana da ita ta cikin wayar, su daidaita, sannan ta ɗaga zuwa bolt 20. Cajar T480 mai wat 65 tana ba da bolt 20 ne a amp 3.25, mai wat 45 kuma a amp 2.25. Ɓangaren da ke wannan ciniki a madadin kwamfutar yana ɗaure da tsarin Thunderbolt ɗin. Idan ya rikice, ko dai cajin ya tsaya gaba ɗaya a kafar, ko ya koma na ɗigo-ɗigo, wanda ba ya iya ciyar da kwamfuta tana aiki balle ya cika batir biyu.

Alamun da yadda suke yaudara

Sanarwar Lenovo ta lissafa su: kafar USB-C ta ƙi aiki, Thunderbolt ya ɓace daga Device Manager (jerin na'urorin da Windows ke gani a kwamfutar), na'urar tebur ta ƙi bayyana ko ta riƙa yankewa, HDMI ya daina fitar da hoto, batir ya ƙi caji ta kafar, saƙon kuskure ya riƙa faɗowa a allo, wani lokaci ma kwamfutar ta tsaya cak yayin tashi kafin ta kai Windows.

Ba wata alama a cikinsu da ke ɗauke da sunan cutar a goshi, abin da ya sa lamarin ya cancanci nazari ke nan. Kowacce tana da wani bayani mafi sauƙi da hankali zai fara kaiwa gare shi. Caji ya yi rauni, sai a ce caja ce, kuma a kasuwar da jabun caja ta yi yawa wannan zargi ba wauta ba ne. A sayi wata, abin bai canja ba, sai a koma kan batir. Majigi ya ƙi nuna hoto a wurin taro, sai a ɗora wa wayar HDMI laifi. Wanda ya fi ɓatar da mutane shi ne nauyin da kwamfutar ke yi. ThinkPad idan ta ga wutar da ke shigowa ba ta isa ba takan rage gudun furosesa don ta tsira da batirinta, sai ka ga na'urar da ke gudu jiya yau tana jan ƙafa. Daga nan sai a ce bairos ne, ko RAM ya yi kaɗan, a yanke hukuncin da aka saba yankewa: a yi mata fomat.

Fomat kuwa ba ya kaiwa wurin. Yana share hadis ne ya zuba sabon Windows, ɗan ayisin nan mai ƙafa takwas ko sanin an yi bai yi ba. Sau da yawa ma fomat ɗin ƙara dagula lissafi yake yi. A shaguna da dama Windows ɗaya ake kwafa wa kowace kwamfuta, sannan a bi ta da manhajar nan da ke zuba direbobi a dunƙule ba tare da duba samfuri ba. Sauti zai fito, Wi-Fi zai kama, mai kaya zai tafi yana murna. Amma idan ka buɗe Device Manager sai ka tarar da alamun ruwan ɗorawa a kan na'urorin da ba a gane ba. Danna ɗaya, ka je Details, ka zaɓi Hardware Ids. Idan ka ga VEN_8086 to kayan Intel ne. Idan ka ga INT3400 ko INT3403, direban da ke kula da zafi da rabon wuta ne ba a saka ba, kuma rashinsa kaɗai yana iya canja yadda kwamfutar ke tafiyar da gudunta. Yanzu cuta biyu ce a jiki ɗaya, alamunsu kuma sun yi kama.

Akwai tarko ta ɗaya ɓangaren ma. Rashin ganin Thunderbolt a Device Manager ba hujja ba ce cewa ya mutu. A wasu saitunan BIOS ayisin yakan kwanta ya ɓace daga jerin idan ba a jona masa komai ba. Kada a sayi sabon bod a kan wannan shaida ita kaɗai.

Bin sawu daki-daki

Mai gyaran da ya san aikinsa daga mai araha yake farawa. Caja tukuna: a gwada wata ta asali mai wat 65 da aka tabbatar tana aiki a wata kwamfutar. Idan irin cajar nan ce ta zamani da ake saka wa waya daban, a lura cewa wayar USB-C ta gama-gari amp 3 take ɗauka, wato wat 60 a bolt 20, kuma akwai masu araha da ko hakan ba sa kaiwa. Sai a haska cikin kafar da tocila. Ƙurar hunturu da zaren aljihun jaka kan dunƙule a ƙasan ramin su hana kan wayar shiga har ƙarshe. A girgiza kan wayar a hankali: idan caji yana zuwa yana ɗaukewa da motsi, to dalmar ƙafafun ce ta saki, domin kafar a jikin bod aka liƙa ta kai tsaye. Wannan aikin mai dalma ne, ba ruwansa da famweya.

Bayan haka a cire caja da batirin waje, a sa tsinke ko allura a danna ɗan ramin da ke ƙasan kwamfutar, wanda aka yi don sake tayar da tsarin wutarta idan ya ruɗe. Ba ya goge komai. Ba kasafai nake ganin ana tunawa da shi ba, alhali akwai ThinkPad da yawa da ake zaton sun mutu waɗanda wannan ramin kaɗai ke tashi. Lafiyar batir kuma ba ta bukatar zato: a rubuta powercfg /batteryreport a Command Prompt, Windows zai fitar da rahoto mai nuna ƙarfin da aka ƙera kowane batir da shi da wanda ya rage masa.

Idan duk waɗannan sun fita zargi, sai a tambayi Thunderbolt ɗin kansa. A manhajar Thunderbolt da ke cikin Windows akwai wurin da ke nuna lambar NVM, wato zubin famweyar da ke kan ayisin. A T480 gyaran ya zo ne a lamba 20, daga baya aka kai 23. Duk wadda ke ƙasa da 20 tana ɗauke da cutar ko da ba ta fara nuna alama ba. Mai amfani da Linux zai ga wannan lamba da umarnin fwupdmgr get-devices, kuma ta wannan manhaja ma ana iya sabuntawar, domin Lenovo na ajiye famweyar ThinkPad a LVFS, rumbun famweya na masu Linux.

Maganin, idan an zo da wuri

Magani kyauta ne kuma bai kai rabin awa ba, amma yana da tsari. Direba ake fara sakawa, sannan famweya. Dalili shi ne manhajar da ke rubuta famweyar ta bakin direba take magana da ayisin. Idan babu direba, ko wanda ke wurin ba na wannan samfurin ba ne, sai ta ce ba ta ga komai ba, mutum ya ɗauka kayansa ya mutu alhali hanya ce kawai ba a buɗe ba. A ɗauko su biyun daga shafin tallafi na Lenovo, ta hanyar saka siriyal lambar da ke ƙasan kwamfutar. T480 za ka ga nau'inta ya fara da 20L5 ko 20L6. A kula, T480 da T480s ba abu ɗaya ba ne, harafi ɗaya ne tsakaninsu a suna amma bod ɗinsu daban, fayilolinsu daban. Wanda ba ya son laluben fayil da hannu sai ya saka Lenovo System Update ko Commercial Vantage ya bar su su zaɓo, amma bayan an gama ya koma ya duba lambar NVM da idonsa. Cewa an sabunta ba ya nufin ta hau.

Wuta kuma kada ta yanke a tsakiya. Manhajar kan bukaci a jona caja, batir kuma ya zama da caji. A wurinmu ina ganin gara a yi wannan aiki a kan inbata ko sola mai tsayayyar wuta, da batir cike, maimakon a kan ƙaramin janareta da ke tari. Idan za a haɗa da sabunta BIOS, kuma hadis ɗin a kulle yake da BitLocker, makullin bayanai na Windows, a dakatar da kullen tukuna ko a tabbata mabuɗin ceto yana hannu.

Abin da sabuwar famweyar ke yi shi ne dakatar da rubutun banzan nan. Ba ta mayar da abin da ya riga ya lalace.

Idan an makara

Ga wanda kafarsa ta riga ta mutu, amsar kamfani ita ce a tuntuɓi sashen tallafi, abin da a aikace yake nufin canjin bod gaba ɗaya. Ma'aikacin banki a Landan a 2020, da garantin shekara uku a bayansa, bai yi asarar komai ba sai 'yan kwanaki. Wanda ya sayi kwamfutar nan a hannu na biyu ko na uku ba shi da wannan gata. Garanti ya ƙare tuntuni, kuɗin bod kuma yakan tasam ma wani babban kaso na kuɗin kwamfutar.

A nan ne masu gyara da masu sha'awar ThinkPad suka yi abin a yaba. Sun gano cewa a kwamfutoci da yawa ɗan ayisin ajiyar bai mutu ba, abin da ke cikinsa ne ya hargitse. Sai suka riƙa buɗe kwamfutar, su maƙala masa wani ɗan matsefi mai haƙora takwas, su jona da na'urar rubutu mai araha irin CH341A, su share shi su sake zuba famweya mai kyau. Inda ayisin ya gaji da gaske, a ɗaga shi da iska mai zafi a dasa sabo, kuɗinsa bai taka kara ya karya ba. Duk injiniyan waya da ya saba filashin, wato sake zuba manhaja, da canjin ayisi yana da hannun yin wannan aiki, abin da yake bukata shi ne ya san wane ayisi ne, kada ya je ya share na BIOS.

Sharuɗɗa uku ne ba a wasa da su. A shiga BIOS da F1 a kashe batirin ciki kafin a kwance murfi, sannan a zare wayarsa. A kwafi abin da ke cikin ayisin a ajiye kafin a goge komai, ko da ana ganin gurɓatacce ne. Na uku, ayisin na bolt 3.3 ne, kuma yawancin CH341A masu baƙin bod da ke yawo a kasuwa suna tura bolt 5 ta layukan bayanai sai an yi musu gyara. A auna kafin a jona.

Wa ya kamata ya yi, wa ya bari

Kuskuren famweya ba baƙon abu ba ne, kowane kamfani yana yi. Abin da ya bambanta wannan shi ne yana cin ƙarfe a ɓoye, kuma maganinsa yana amfani ne kawai ga wanda ya sha kafin ya ji ciwo. A ganina irin wannan gyara bai kamata a bar shi a shafin tallafi yana jiran wanda zai zo nema ba, tun ranar farko ya cancanci a yi masa shela.

Amma akwai wani abu game da laftof ɗin ofis da mai sayen ta hannu ya kamata ya fahimta. An ƙera ta ne da tunanin akwai sashen kwamfuta a bayanta: mutanen da aikinsu shi ne karanta irin wannan sanarwa, su gwada gyaran, su tura shi ga kwamfuta dubu a dare ɗaya. Shi ya sa take da littafin gyara da kowa zai iya saukewa, da lambar kowane sashe, da sabuntawar BIOS na shekaru. T480 ɗin da ta yi aiki a kamfani mai kula ta iso nan da NVM 20 ko 23, lafiya lau. Wadda ta fito daga inda ba a damu ba, ko ta yi shekaru a sito, ta iso da tsohuwar famweyarta. A kan tebur ɗin mai shago su biyun iri ɗaya ne, an goge su suna ƙyalli, kuɗinsu ɗaya. Ranar da ka biya, aikin wancan sashen ya dawo kanka, ko ka sani ko ba ka sani ba.

Don haka gwajin da ya fi muhimmanci a shago ba na allo da madannai ba ne kawai. A jona caja a kafa ta farko, a ga tana caji ba tare da saƙon ƙarancin wuta ba, a juya kan wayar a sake gwadawa, sannan a maimaita a kafa ta biyu. A jona HDMI a ga hoto. A shiga BIOS a tabbata ba a bar kalmar sirrin shugaba (Supervisor Password), wadda ke kulle saitunan BIOS, a kai ba, domin idan tana nan ba za ka iya canja saitin Thunderbolt ko wani saiti mai muhimmanci ba, kuma cire ɗan batirin agogon da ke kan bod ba ya share ta a waɗannan samfura. A duba furosesa ma: akwai T480 da suka zo da zubi na 7 kamar i5-7300U, waɗanda ba sa cikin jerin da Microsoft ta amince wa Windows 11, ga shi tallafin Windows 10 na gama-gari ya ƙare ranar 14 ga Oktoban 2025.

Idan kafofin biyu suna aiki amma NVM yana ƙasa da 20, wannan ba dalilin fasa ciniki ba ne. A saya, a sabunta a ranar, kafin a zuba mata ko fayil ɗaya. Idan kuwa kafar walƙiyar ta riga ta yi shiru, sai a cire kuɗin injiniya daga farashin, a kuma yi sharaɗi da mai shago a gaban shaida cewa idan filashin bai tashe ta ba za a dawo da ita a canja wata.